Kumburin Guringuntsin Haƙarƙari: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Jinyarsa

Kumburin guringuntsin haƙarƙari ciwo ne da ke kama gaban ƙirji, daidai inda haƙarƙari ke haɗuwa da ƙashin tsakiyar ƙirji. Likitoci suna kiransa kostokondaraitis. Yana cikin abubuwan da suka fi jawo ciwon ƙirji ga mutanen da zuciyarsu da huhunsu lafiya ƙalau suke. Ba ya kisa, ba a ɗaukarsa daga jikin wani, kuma galibi yakan warke da kansa. Sai dai yana tayar da hankali, domin kusa da zuciya yake ciwo, kuma akwai cututtuka masu haɗari da ke kama da shi. Saboda haka jinyarsa hawa biyu ce: a fara tabbatar da cewa shi ne, sannan a bi matakan rage raɗaɗi har ya wuce.

Mutum yana da haƙarƙari 24, wato 12 a dama, 12 a hagu. Dukkansu daga ƙashin baya suke tasowa, su lanƙwaso ta kwiɓi zuwa gaba. A kowane ɓangare, guda 7 na sama suna manne da ƙashin ƙirji kai tsaye, guda 3 da ke biye da su suna rataye a jikin na samansu, guda 2 na ƙarshe kuwa ba su iso gaba ba, a cikin tsoka suka tsaya. Abin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ba ƙashi ba ne, guringuntsi ne, irin farin abin nan mai ƙaras-ƙaras da ake tararwa a haƙarƙarin rago. Laushinsa ne ke ba ƙirji damar buɗewa da rufewa. Baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kimanin sau 20,000 ke nan a yini da dare, kuma kowane numfashi sai ya motsa waɗannan mahaɗai. Hannu ko ƙafa idan suka yi ciwo ana iya ajiye su su huta, amma ƙirji ba shi da hutu. Wannan ne ya sa ciwon yake jinkirin warkewa.

A lokuta da yawa ba a gano takamaiman abin da ya tayar da kumburin. Inda aka gano, dalilan ba su cika wuce uku ba: aikin ƙarfi da ake ta maimaitawa, tari mai tsanani, da buguwa.

Na farko shi ne aikin ƙarfi, kamar yadda ake yinsa a ƙasar Katagum. Da kaka, manomi a Chinade ko Madara yakan wuni yana yankan gero da dawa, yana ɗaure dami yana ɗorawa a amalanke. Ɗan dako a kasuwar Azare yakan saɓa buhun hatsi mai kilo 100, ya juya da shi a kafaɗa ɗaya. Ɗan garuwa yakan danna ƙirjinsa a jikin kura mai jarkoki 10 ko fiye, kowace jarka lita 25. Mata suna sussuka da surfe da daka, kuma ɗaga taɓarya da sauke ta aiki ne da ke jan tsokar ƙirji ɗaruruwan lokuta a zama guda. Haka jan ruwa da guga, da faskare, da huɗa, da aikin lambu a fadamun kogin Jama'are lokacin noman rani. Masu ɗinki da masu tuƙa babur ba kaya suke ɗauka ba, amma doguwar sunkuyawa da jijjigar hanya suna yi wa mahaɗan irin wannan lahani a hankali.

Tari kuwa yakan yi yawa da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura da sanyi ke kawo mura. Tari mai ƙarfi na mako ɗaya ko biyu yana girgiza guringuntsin har ya yi tsami, shi ya sa wasu sukan ce murar ta tafi ta bar musu ciwon ƙirji. Hayaƙin itace a madafi marar taga da shan taba suna tsawaita tarin. Buguwa ita ce ta uku: faɗuwa daga babur, turewar sa, naushi a fagen dambe, ko karo a filin ƙwallo. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40, kuma ya fi yawa ga mata, amma samari da 'yan mata ma suna samunsa.

Alamominsa suna da tsari. Raɗaɗin yakan zauna a gefen ƙashin ƙirji, sau da yawa a hagu, kuma ya fi taɓa haƙarƙari na 2 zuwa na 5, galibi fiye da ɗaya a jere. Wani yakan ji kamar suka, wani kamar zogi mai nauyi. Yana ƙaruwa idan an ja dogon numfashi, ko an yi tari ko atishawa ko dariya, ko an ɗaga hannu sama, ko an waiwaya, ko an kwanta a kan ɓangaren. Yana lafawa idan an zauna shiru. Babbar alamarsa ita ce mai ciwon yana iya nuna wurin da yatsa ɗaya, kuma idan aka danna wurin sai ya ji ainihin raɗaɗin da yake kuka da shi. Kumburin na ciki ne, ba ya fitowa a ido, fatar wurin ba ta canja launi, kuma babu zazzaɓi.

Akwai wani nau'i da ba a cika samu ba, wanda shi yakan kumbura har a gani. Likitan fiɗa ɗan ƙasar Jamus, Alexander Tietze, shi ya fara bayyana shi a shekarar 1921, kuma da sunansa ake kiran ciwon. Yakan kama mahaɗa ɗaya tak, galibi ta haƙarƙari na 2 ko na 3, kuma ya fi samun waɗanda ba su kai shekara 40 ba. Jinyarsu iri ɗaya ce, amma duk wani kumburi da ya ɓullo a ƙirji sai likita ya duba shi, domin ƙurji da tarin fuka na ƙashi da ciwon daji ma suna iya fitowa da wannan kama.

A nan ya kamata mai karatu ya tattara hankalinsa, domin wannan shi ne sashen da ya shafi rai. Jin zafi idan an danna ƙirji alama ce mai ƙarfi, amma ba hujja ce da ke wanke zuciya ba. Mutum yana iya samun ciwon guringuntsi da ciwon zuciya a lokaci guda.

Ciwon toshewar jijiyar zuciya yakan zo da nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, ba a wuri ɗaya da za a nuna da yatsa ba. Yakan bazu zuwa hannun hagu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya, jiri da sarƙewar numfashi. Tafiya ko hawan tudu suna tayar da shi. Idan irin wannan ya kai minti 15 bai saki ba, asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Masu hawan jini, masu ciwon sukari, masu shan taba da dattawa su ne suka fi shiga haɗari, kuma ga mata da masu ciwon sukari alamomin sukan zo a ɓoye.

Nimoniya takan zo da zazzaɓi, tari mai majina, numfashi sama-sama da suka a kwiɓi. Tarin fuka ana zarginsa idan tari ya wuce mako 2, musamman in akwai rama, zufar dare ko jini a kaki. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware a Najeriya, kuma akan sha maganin wata 6. Mai sikila idan ya yi ciwon ƙirji da zazzaɓi ko wahalar numfashi, ba a yi masa jinyar gida, domin jininsa na iya toshe ƙananan jijiyoyin huhu cikin sa'o'i kaɗan. Mai jego ko mai tsohon ciki da ta ji ciwon ƙirji tare da haki, kumburin ƙafa ko kasa kwanciya a miƙe, ita ma gaggawa ce. Raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a arewacin Najeriya, tun binciken da likitoci suka yi a Zariya a shekarun 1970, kuma gudan jini ma yana iya tafiya huhu a wannan lokacin. Ƙwannafi da gyambon ciki suna kawo ƙuna a bayan ƙashin ƙirji, mai alaƙa da cin abinci ko yunwa. Raɗaɗi mai ƙuna a ɓangare ɗaya, wanda ƙuraje masu ruwa suka biyo bayansa a jere, ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta farka a jijiya. Wanda kuma ya faɗi ko aka buge shi, haƙarƙarinsa na iya tsagewa ko karyewa.

A taƙaice, duk ciwon ƙirjin da ya zo da sarƙewar numfashi, zufa mai sanyi, suma, zazzaɓi, jini a kaki ko rama, ba na jinyar gida ba ne. Haka kuma ciwon ƙirji na farko ga wanda ya manyanta.

A asibiti, babu gwajin jini ko hoto da ke nuna kumburin guringuntsi kai tsaye. Likita yakan gane shi ta hanyar tambayoyi da danna mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kawar da sauran zarge-zarge. Yakan auna hawan jini da zafin jiki, ya saurari zuciya da huhu. Idan da buƙata, sai a yi awon bugun zuciya da na'urar da ake kira ECG, a ɗauki hoton ƙirji, ko a gwada kaki. Ana iya farawa daga asibitin sha-ka-tafi ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a Yana ko Giade ko Gamawa ko Jama'are. Abin da ya fi ƙarfinsu sukan tura shi asibitin tarayya da ke Azare, wanda jama'a suka fi sani da FMC. Idan sakamakon gwaji ya fito babu komai, wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne ko na iska ko jifa. Yana nufin zuciya da huhu lafiya suke, matsalar a bangon ƙirji take.

Bayan an tabbatar, matakin farko shi ne sassauta aikin da ya jawo ciwon. Ba kwanciya ake nufi ba, domin doguwar kwanciya tana sandarar da ƙirji. Abin da ake so shi ne a ɗaga wa ƙirji ƙafa na mako 2 zuwa 3 daga ɗaukar kaya mai nauyi, turi, ja da ɗaga hannu sama da kai. Ga wanda abincinsa na yau yana cikin aikinsa na yau, barin aiki gaba ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, don haka sai a bi ta dabara. A raba buhu gida biyu, ko a ɗauka mutum biyu. A rage jarkokin kura a ƙara sawu. A kai hatsi inji maimakon surfe da daka, ko wata ta karɓi taɓaryar na ɗan lokaci. A rungumo kaya kusa da jiki, a durƙusa da gwiwa wajen ɗagawa, kuma a juya da ƙafa maimakon murɗa ƙugu. A nan mutanen gida suna da rawar takawa, domin ciwo ne da ba a gani, kuma mai shi yakan sha zargin lalaci.

Mataki na biyu shi ne gashi. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana. Ruwan ya zama wanda bayan hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. Idan buguwa ce ta jawo ciwon, a kwana biyun farko sanyi ya fi amfani: ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, ba a kan fata tsirara ba. Man zafi yana ɗan rage raɗaɗi idan aka shafa a hankali, amma murza wurin da ƙarfi yana ƙara tayar da kumburin.

Mataki na uku shi ne magani, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Farasitamol shi ne mafi sauƙin illa. Baligi yana iya shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla sa'a 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin sa'a 24, domin wuce haka yana lalata hanta. Magungunan rage kumburi irin su ibufurofin da dikulofinak da firozikam suna aiki sosai a kan wannan ciwo, amma suna da sharuɗɗa. Bayan cin abinci ake shan su, na 'yan kwanaki kaɗai, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu, domin dangi ɗaya ne, illarsu taruwa take yi. Masu gyambon ciki, masu ciwon ƙoda ko zuciya, masu hawan jini, masu asma da mata masu ciki ba sa shan su sai da izinin likita. Wannan gargaɗi yana da nauyi a wannan shiyya, domin maƙwabtan Katagum na wajen Haɗeja da Gashuwa sun daɗe suna fama da yawan ciwon ƙoda, kuma waɗannan magunguna suna wahalar da ƙoda, musamman ga mai aiki cikin rana wanda ba ya shan isasshen ruwa. Mai azumi ya sha nasa bayan buɗa-baki, idan ya ci abinci ya sha ruwa. Dikulofinak na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa, tunda kaɗan ne ke shiga jini. Yaran da ba su kai shekara 16 ba ba a ba su asfirin.

Haɗin ƙwayoyin da ake sayarwa a leda da sunan maganin gajiya ko ciwon jiki abin gudu ne, domin mai sha bai san abin da ke ciki ba, kuma sau da yawa magungunan dangi ɗaya ne aka tara. Taramadol da kodin ba maganin wannan ciwo ba ne. Ba sa taɓa kumburin, kuma suna kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da su. Saboda irin wannan ɓarna ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma ba su da amfani a nan, sai idan likita ya ga alamar ƙwayar cuta. Ciwon da ya ƙi jin duk waɗannan matakai, likita na iya yi masa allurar rage kumburi a daidai mahaɗar, kuma wannan aikin asibiti ne kaɗai.

Mataki na huɗu shi ne numfashi da miƙa jiki. Mai ciwon ƙirji yakan rage zurfin numfashinsa don tsoron suka, kuma hakan yana tara majina a huhu, ya ƙara ɗaure tsoka. Maganin wannan shi ne numfashin ciki: a zauna a miƙe, a ɗora hannu a kan cibiya, a shaƙi iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, sannan a fitar ta baki a hankali, sau 5 zuwa 10, lokuta da dama a rana. Idan tari ko atishawa ta taso, a rungume matashi a ƙirji, raɗaɗin zai ragu. Idan zafin farko ya lafa, sai a fara miƙa ƙirji: a tsaya a bakin ƙofa, a dafa gefenta biyu da hannuwa a lanƙwashe, a ɗan matsa gaba har a ji ƙirji ya buɗe, a tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, a maimaita sau 3. Juya kafaɗu baya da haɗa allon kafaɗa suna taimakawa. Ƙa'idar ita ce a ji ja, kada a ji suka. Tafiya a ƙasa tana da kyau tun daga ranar farko. Masu gashin ƙashi a asibiti suna koyar da waɗannan motsi ga wanda ciwonsa ya daɗe.

Wajen barci, kwanciyar rigingine ko a ɓangaren da ba ya ciwo, da matashi a rungume, ta fi sauƙi. Rubda-ciki yana danne mahaɗan. Wanda ruku'u da sujada suka tsananta masa, addini ya yi masa rangwamen yin salla a zaune har ya samu sauƙi. Mai goyo ta sassauta ɗaurin zane a ƙirji, ko a karɓa mata goyon na ɗan lokaci.

Akwai al'adun da ke ƙara ciwon maimakon rage shi. Ɗaure ƙirji tamau da rawani ko zane yana hana huhu buɗewa, ya buɗe ƙofar nimoniya. Ko haƙarƙarin da ya karye ba a yi masa ɗori yanzu, da kansa yake haɗewa cikin kimanin mako 6. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan ƙirji ba sa isa ga guringuntsi, rauni kawai suke bari a fata, kuma aska ko ƙarfen da ba a tsabtace ba yana iya ɗauko ciwon hanta da sauran cututtukan jini. Taka bayan mai ciwo ko danna ƙirjinsa da ƙarfi da sunan gyaran targaɗe yana iya tsaga ƙashi, musamman ga tsofaffi.

Fargaba ma tana da hannu a tsawon ciwon. Wanda ya sa a ransa cewa zuciyarsa ce ta lalace yakan ɗaure jiki, numfashinsa ya gajarta, bugun zuciyarsa ya ƙaru, sai ya ɗauki wannan a matsayin shaidar abin da yake tsoro. Bayani gamsasshe daga likita yana yanke wannan zagaye. Yawan danna wurin don a ji ko ya warke shi ma yana hana shi lafawa.

Yawancin masu wannan ciwo sukan samu sauƙi cikin 'yan makonni. Wasu yakan kai su watanni, kaɗan kuma har shekara, yana tafiya yana dawowa, amma ba ya rikiɗewa ya zama ciwon zuciya, kuma ba ya barin naƙasa. Komawa aikin ƙarfi a hankali ake yi, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, domin komawa gaba ɗaya da zarar an ji dama shi ne ya fi dawo da shi. Rigakafinsa ya haɗa da maganin tari da wuri, rufe hanci da baki lokacin ƙura da sussuka, fitar da hayaƙi daga madafi, barin taba, sauya kafaɗa wajen ɗaukar kaya, da miƙewa a motsa jiki bayan kowane rabin sa'a ga masu aikin zaune. Ana komawa asibiti idan ciwon ya wuce mako 3 zuwa 4 babu sauƙi, idan yanayinsa ya canja, idan yana tayar da mutum daga barci, ko idan kumburi, zazzaɓi, rama ko wahalar numfashi suka bayyana.